Rasuwar Kyamarata a Bakin Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga ƙaddara, nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton duwatsu da gajimare rasuwar abokiyar tafiyata, kyamarata, wadda kuka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Asabar da safe a bakin rafi, tana tsaka da aiki.

Marigayiya mai haƙuri ce. Tun ƙungiyar nan tana cika mota muke fita tare, har aka koma babur biyu, har kowa ya sayi waya mai ido uku ya gane cewa daga tagar ɗakinsa ma ana ganin faɗuwar rana. Ita kaɗai ba ta taɓa cewa ta yi baƙi ko ƙafa na ciwo ba. Sai mu zauna a kan dutse muna jiran haske ya nuna, in lokaci ya yi ta ce "ƙyas". Tun da yara suka watse gidajensu, wata ranar wannan ce kaɗai maganar da ake yi mini.

Ajalinta ya zo ta hanyar ilimi. An shafe mako ana muhawara a guruf ɗinmu na waya kan yadda ake barin idon kyamara a buɗe ya daɗe, har ruwa mai gudu ya fito lumui kamar auduga. Malamin lissafi, shugabanmu, ya ce sai an sauko da ita daf da ruwa. Masu muhawarar duk suna kan kujera, ni na tafi gwadawa. Na kafa ta a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku, na saita ta ɗauka da kanta, na ja baya don kada hannuna ya girgiza ta. Ashe ƙafa ɗaya a kan gansakuka take. Ta juyo ta fuskance ni, ta ce "ƙyas", sannan ruwa ya ce "cumbul". Da na tsamo ta na kai, mai gyara ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ba ni haƙuri.

Ta rasu ta bar mai ƙafa uku, wanda yanzu yake jingine a bayan ƙofa ba aiki, da caja, da batir biyu marayu, da murfin ido da ya ɓata tun tana amarya. Ta kuma bar hotonta na ƙarshe: wani dattijo a guje, hannu a miƙe, baki a buɗe. A duk dubban hotunanta shi kaɗai ne nake ciki. Na saka shi a guruf, shugaba ya lura cewa layin sararin sama ya karkace. Gaskiyarsa ne, ya karkace.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa a kan dutsen da muka saba haɗuwa, kafin rana ta ɗago, domin marigayiya ba ta son haske mai tsauri. Iyalan mamaciya, wato ni, suna roƙon kada a turo ta'aziyya ta waya, an samu hoton hannu mai addu'a ya wadatar. A zo da ƙafa, ko da mutum ɗaya ne, ko babu kyamara. Zan riƙo kofi biyu.