Ranar da Na Rina Gemun Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da walimar dawowar Alhaji Abakar daga Makka ba. Ko na so in manta ma, mutanen unguwarsu Gassi ba za su bar ni ba.

A lokacin ina aiki a shagon kawuna a unguwar Mursal, inda muke haɗa firam ɗin hoto (mu nan Njamena kadar muke ce masa). Kawu ke yanka katako, ni kuma nawa gyaran ƙarshe ne. In goge da sanfefa mai kaushi, in bi da mai laushi, in shafa buru, wani gari da ake jiƙawa da ruwa ya mai da farin katako ƙasa-ƙasa, sannan in rufe da berni don kada launin ya fita. Ba yabon kai ba, hannuna na da kyau. To, yabon kan ne, amma ku ƙyale ni.

Alhaji Abakar kuwa mahaifin Halime ne, yarinyar da nake nema. Manya sun gama magana, saura ya dawo ya sa rana, ni kuma na ƙagu kamar in yi tsuntsu. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya zauna har ya rasu bai ga Ka'aba ba. Alhaji ne na farko a zuriyar da ya ƙarasa tafiyar. Sai dabara ta faɗo mini: na lallaɓi Halime ta ɗauko mini tsohon hoton kakan nan a ɓoye, in yi masa kadar ɗin da za a daɗe ana labari.

Son a sani ya sa na yi ta gugar lungu-lungun sassaƙar, yau in ce nan bai yi ba, gobe in ce can, har safiyar walima ta zo ban sa berni ba. Shi kuwa berni sai ya kwana yake bushewa. Na taɓa katakon, na ji buru ya bushe ƙayau. Na ce a raina, wa zai sani? A bango za a rataye shi, ba wanka za a yi masa ba. Da Kawu ya tambaya ko an gama, na ce masa kalas, an gama, muka tari kilando, wato 'yan acaɓa.

Mun tarar da dattawa a ƙarƙashin rumfa, kowa cikin farin kaya, an gama cin shinkafa da nama an wanke hannu. Na durƙusa na miƙa. Alhaji ya buɗe, ya ga kakansa, idonsa ya ciko da hawaye. Ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi, hoto ya zaga rumfa kaf. Kowa sai ya riƙe da jiƙaƙƙen hannunsa, ya bi sassaƙar da yatsu, ya yaba santsinta. Har Kawu ya karɓa ya jinjina kai. Ni kuwa ina gefe ina kumbura (wallahi har na fara tunanin launin shaddar angonci).

Sai liman ya ce Alhaji ya yi mana addu'a, tunda bai daɗe da barin ƙasa mai tsarki ba. Aka ɗaga hannu, aka yi ta amin, aka shafa.

Ina buɗe ido na ga gemun liman, fari fat da safe, ya yi zane-zane kamar bayan ɗan kurege. Goshin Alhaji ga shatin yatsunsa reras. Abin takaicin, ba wanda ya san halin da tasa fuskar ke ciki. Kowa na kallon maƙwabcinsa yana danne dariya don kunya, har wani tsoho ya kasa, ya tambayi liman me ya sami gemunsa. Liman ya ce shi ma tambayar da yake shirin yi masa ke nan. Nan aka shiga gogewa da hannun riga, fararen kaya suka bi sahu. Daga cikin gida na jiyo shewar mata, kuma na rantse na gane muryar Halime. Kawu ya duba tafinsa, sannan ya dube ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya tambayi abin da ya faru. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, berni ne ban sa ba. Sai ya kwana yake bushewa."

Ya dubi hoton, sannan ya ce cikin sanyin murya, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, na gode. Amma wanda ya kasa jiran katako kwana ɗaya, ina jin tsoron ba shi 'yata bai koyi jira ba. A bar maganar sa rana sai babbar salla ta zagayo."

Haka na yi shekara cur ina jira, ina gaida liman daga nesa. Auren dai an ɗaura, alhamdu lillahi. Abin da na koya, in har za ka kai wa suruki aikin da ba ka gama ba, ka bari sai an shafa fatiha tukuna.