Matar da ke Tsayawa a Taga

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta biyu ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata da ke Gwaram. Lokacin ji nake duk Jigawa ni kaɗai na yi karatu.

Littafin da muke nazari na wani marigayi ne, tsohon malami a Birnin Kudu. Na sha jin raɗe-raɗin abin da yake yi wa 'yan aikin gidansa, amma duk ɗalibar da ta tayar da zancen sai in gyara tabarau (na burga ne, idona garau yake) in ce, "Mu rubutu muke karantawa, ba mutum ba."

Abu ɗaya ne ya dame ni. Duk ranar da muka buɗe littafin, Inna Tabawa, dattijuwar da ke tuƙa tuwon ɗalibai, sai ta baro murhu ta tsaya a taga. Ba sallama, ba motsi, ko ƙiftawa ba ta yi. Tun ranar farko, da na iso inda yarinya ke ce wa jarumin littafin, "Malam, don Allah buɗe ƙofar, innata na jirana," na ga leɓenta ya riga ni furtawa. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba! Amma sai na ce wa kaina daɗin karatuna ne ya jawo ta.

Ranar Larabar sufeton makarantu ya zo daga Dutse, ni kuwa neman suna ya motsa. Na karanta wurin da murya mai daɗi, na ce wannan shi ne jan aji na budurwa. Sannan na yafito Inna Tabawa daga taga.

"Ranka ya daɗe, dubi ƙarfin adabi. Inna ba ta yi boko ba, amma ta haddace."

Ta shigo a hankali.

"Ba hadda na yi ba, Malam," in ji ta. "Ni na faɗa. Aikatau nake a gidan marubucin, ƙofar kuwa da gaske a kulle take." Ta juya ga 'yan matan. "Ba jan aji ba ne, 'ya'yana. Innata ta jira ni har magariba."

Ta fice. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da baiwar Allah ta binne tun ƙuruciya, ni na tono shi gaban baƙo don a yaba mini. Kun san me ya fito daga bakina? "To, mu buɗe shafi na gaba" (Allah ya yafe mini). Ba wadda ta taɓa littafinta.

Bayan an tashi na je na durƙusa a bakin murhu ina ba ta haƙuri. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka ci gaba da koya musu. Amma ka faɗa musu daidai."

Har yau ina koyar da littafin, kuma ina faɗa daidai. Na dai gane cewa kafin mutum ya zage yana yi wa jama'a fashin baƙin labari, gara ya tabbata wadda abin ya faru a kanta ba ta jin sa.