Magagarin Surukina

"...ya gajiyar hanya? Ko dokin zan tambaya, don na ga kin ƙara faɗi."

"Lafiya lau, Tayata. Kai ne dai kake ta shigewa cikin hularka. Baɗi sai an ɗaga ta kafin a same ka."

Haka suka fara, tun Burul ba ta sauko daga kan doki ba. Shi tsohon nan surukina ne, uban mijina, don haka sunansa ba zai fito daga bakina ba, Ata nake ce masa. Burul kuwa jikarsa ce ta wajen 'yarsa, shi ya sa take ce masa Tayata, wato kaka na wajen uwa, kuma ni na aika mata a ɓoye ta zo.

Duk ƙauyenmu, in sarƙar injin yankan itace ta dakushe, wurin Ata ake kawo ta. To tun bazara idonsa ya fara hazo. Haƙoran dama yana wasa su tas, na hagu kuwa sai ya cinye su, inji ya riƙa yanka a karkace. Mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya faɗa masa. Ga shi ya rantse gobe da kansa zai kayar da busasshiyar bishiyar da ta ranƙwafo kan ɗakin tumaki, kafin ƙanƙara ta sauko. Wallahi tsoro ya hana ni sukuni. In yanka ya karkace a gindin bishiya, ba inda ka so take faɗuwa ba. Mijina yana Rasha wurin aiki, ni kuma wane ni in dubi Ata in ce idonsa ya gaza?

Ta same shi a kan kututturensa, ya matse injin tsakanin gwiwoyi yana wasa sarƙar da magagari, ni kuma ina bakin murhu na baza kunne.

"Me kake yi wa sarƙar nan, susa?"

"Ungo naki! Matso ki ga aikin manya. Magagari turawa ake yi gaba, a ɗaga shi a dawo. Ku kuwa sai ku yi ta dirza gaba da baya kamar mai wankin tukunya, ya yi sulɓi, ku ce ɗan kasuwa ya cuce ku."

"Ni ai kasuwa nake kai tawa, a wasa mini da na'ura kafin in shanye shayi."

"Shi ya sa haƙoranta suka ƙone suka yi shuɗi, kamar na kakarki ta wajen uba."

"Allah ya ba ka haƙuri, ita dai tana da nata. Kai sai an jiƙa maka gurasa. Wannan magagarin ma ai ya girmi uwata."

"Ƙarfen na bana ne, ƙotar ce ta girme ta, kuma ta fi ta jin magana. Bai taɓa kwana da wani ƙarfe ba, tsummansa daban. Ina murza shi kaɗan-kaɗan, kowane gefe ya yi nasa aikin."

Burul ita ke saro itacen gidansu, hannunta ya san inji. Ta ce a ba ta ta gwada. Ta ja igiya injin ya tashi, ta ɗora a kan wani gungume, yankan ya sauka yana lanƙwasa kamar lauje.

"Tayata, ina yankan nan za shi? Na ga ya kama hanyar garin Jalal-Abad."

"Itacen ne karkatacce, irin hancin danginku."

Ya karɓi injin ya ce bari ya ɗan ƙara masa kaifi. Ata yakan shafa gawayi a haƙorin da ya fara da shi, don ya san inda zai tsaya. A kan idonmu baƙin haƙorin ya zagayo, ya zo ƙarƙashin hannunsa, ya wuce, bai gani ba. Ya ci gaba da turawa. Ni kam tausayi ya kama ni har na juya baya.

"Af, na tuna abin da ya kawo ni," in ji ta. "Rabona na zo ɗauka."

A wurinmu, abin da ɗan 'ya mace ya ɗora wa hannu a gidan dangin uwarsa ya ce yana so, ba a hana shi. Ata ya ɗago.

"Na san ba zumunci ba ne. Shiga ki zaɓi rago."

"Ragunanka duk ƙashi ne."

"Ɗauki ɗan duƙushin can."

"Yana da halinka, cizo yake yi."

"To ɗauki surukata, ta cika leƙe da aike-aike."

Kunya ta kusa kashe ni. Ashe ya sani!

Burul ta durƙusa, ta ɗora hannu ɗaya a kan injin, ɗaya a kan magagarin. "Waɗannan nake so."

"Ɓarauniya! Jikar ɓarayin dawaki!"

"Jikarka ce ai."

Ya bi sarƙar da babban yatsansa a hankali, dama, hagu, dama, hagu, ya daɗe yana shafawa. Da ya yi magana, muryar ta yi ƙasa.

"Na hagun sun gajarce da yawa, ko?"

"Ni ban ga komai ba, Tayata. Kwaɗayi ne kawai ya kawo ni."

Ya dube ta, ya yi wata 'yar dariya, ya share gefen idonsa da bayan hannu. Ya kakkaɓe magagarin, ya naɗe shi a tsummansa.

"Gobe ke za ki kayar da bishiyar. Ni zan tsaya daga nesa in zage ki. In mutane suka tambaya a masallaci, me za ki ce an yi?"

"Ƙwacewa na yi, kana ta ihu."

Ya danƙa mata a hannu, ya riƙe hannun bai saki da wuri ba.

"Ki ƙara da cewa na bi ki da sanda har bakin rafi."