Ranar da Na Kafa Duwatsu a Kura

Shekarar da na dawo daga makaranta da kwamfuta, ji nake duk Kura babu kamata. Na zuba taswirar gonakinmu cikin wata manhaja mai gina ƙasa tamkar gaske, na tara dattawa a zauren Kawu su sha kallo. Ashe wajen saka tsayin ƙasa na ƙara sifili. Shimfiɗaɗɗiyar fadamarmu ta miƙe ta zama duwatsu.

Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, gonata ce can ƙololuwa? Da jirgi zan kai taki?"

Yawancin dattawan sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Amma har yau in na bi bakin kanal, sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, ya sanyin dutse?"