Kamarar da ta yi wa Cima kumatu

"Lahiya lau, angona. Ina gajiyar yawon banza?"

"Gajiya ta bi lahiya, tsohuwa. Tashi mini daga tsakar gidan ga, rana za ta faɗi!"

Mukhtar ke nan, ya diro daga moto yana haki, jakar kamara a kafaɗa. Kawunsa Isiyaku na Abijan ya gina gidan nan a Madawa, ma'aikatan wani porje, wato aikin raya karkara, kuma suna son haya, amma sun ce bidiyo yau, ko su kama wani gidan. Aikin farko ke nan da aka taɓa damƙa wa yaron, sai rawar jiki yake. Ga rana ta yi sanyi, hasken da yake so ke nan, batirin ɗan jirginsa mai ɗaukar hoto daga sama kuwa guda ne tak. Sai ga kakarsa Cima, siririyar tsohuwa mai bakin tsiya, ta baje tabarma a tsakiyar fili tana mulmula gabu, dakakken ganyen albasa.

"Mi kaka ɗaura wa zanzaron naka a ido?" in ji ta, tana nuna ɗan jirgin.

"Gilashin rage haske ne, don kada farin bango ya ƙone a hoto."

"Zanzaro da tabarau! Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Ni mijina na fari raƙumi gare shi, na yanzu ƙwaro."

"Raƙumin da yunwa ta kashe a Garhanga? Tashi, don Allah. In masu haya suka hango ki daga sama, cewa za su yi gidan da aljana."

"Aljanar da ta wanke maka kashi! Ba inda za ni. Ai ƙanwarka Zulaiha ta ba ni labari, kamararka maƙaryaciya ce, ɗakin kaji takan maishe shi filin idi."

"Faɗin ido gare ta, shi ke nan. Ana buɗe ta don ɗaki ya shiga duka."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗan nema. Gidan ɗana ba ya shiga zamba ina zaune."

Wayyo Mukhtar! Ya dubi inuwar katanga, ta riga ta cinye rabin fili. Hankalinsa ya tashi sosai. Can dabara ta faɗo masa: ya durƙusa dab da tabarmar, ya buɗe idon kamara iyaka, ya sa tsohuwa a gefen hoto inda abu ke bajewa, ƙyas! Ya miƙa mata.

Cima ta kai fuskar kamara kusa da hanci, ta janye, ta sake kaiwa.

"Wacce hajiya ce wagga?"

"Wata tsohuwa ce mai hana mutane aiki."

"La ilaha! Ni ce? Dubi kumatu! Dubi damtse awa matar mai shanu! Tun ina budurwa nika shan fura da nono, ko ƙwaya ba ta zauna mini ba, ashe maganin na cikin jakarka!"

"Bari in goge, tunda ƙarya ce."

Caraf ta riƙe masa hannu. "Goge uwaka! Wane ne ya ce ƙarya?"

"Ke, yanzun nan."

"Tsufa ne, bakina ya kuɓuce. Wannan gyara sunansa. Ka wanko mini babba, in aika wa ƙawata ta Allakaye da ke kirana karan dawa."

"Sai kin tashi."

Kai, ba ka ga saurin naɗe tabarma ba! Har da ɗaukar tsintsiya. Jirgi ya tashi yana ƙugi, Mukhtar ya zagaya da shi a hankali bisa soro, haske ya kwanta a bango jawur, kuma batiri bai yi kuka ba sai da aka gama. Ya yi tsalle ya yi ihu.

Cima ta kwance bakin zane tana dariya, ta cusa masa goro a hannu.

"Ungo, angona, ka ci gari. Amma gobe ka dawo da ita, ka ɗauko ni ta baya."