Yadda Za Ka Ɓoye wa Sarkin Yaƙi Cewa Igwar Kumbonsa Ba Ta Tashi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina makanikanci a Haƙorin Damisa, kumbon Sarkin Yaƙi Bang Chun-sik na Rundunar Jan Ɗamara, kuma har yau kaina na bisa wuyana. Bi matakan nan, naka ma zai zauna.

Mataki na 1: San mai ɓarnar

Buɗe ɗakin sanyaya igwa. Tuluna arba'in na kimci, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, za ka tarar sun tare wa igwar sanyi, na Inna Ok-bun, mahaifiyar Maigida, wadda ta tare a kumbon tun rasuwar mijinta. Ni da na ce mata nan wurin makami ne, cewa ta yi, "Seok-gu, sanyin nan a banza yake tafiya. Ka ci abinci kuwa?" Karɓi kwanon ka zauna. Mai tuwo a baki ba ya kai ƙara.

Mataki na 2: Goge waje

Igwar da ke ƙyalli ba a tambayar lafiyarta. Kullum sa mata mai, ka ɗaure fuska kamar mai tsoron ta tashi da kanta.

Mataki na 3: Tanadi uzuri

In Maigida ya ce a gwada, ce masa akwai jirgin 'yan kasuwa a hanya. Gobe ka ce ƙurar taurari ta yi yawa. Kada ka maimaita uzuri ɗaya a wata guda.

Mataki na 4: Ranar da uzuri ya ƙare

Za ta zo. Tamu ta zo a bakin Mashigar Wata Uku, kumbuna tara na abokan gaba a gabanmu, mu ɗari biyu a cikin namu. Na hau wurin Maigida na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, igwar nan ba ta aiki. Tun tuni."

Bai ko waiwayo ba. "Na sani, tsoho. Kana zaton wa ya taya Inna ɗaukar tulunan?"

Ya ce sau ɗaya ya taɓa harba ta, yana saurayi, ya kuma je ya ga abin da ya rage na garin da ya harba. Daga nan ya gyara hularsa, ya sa aka juya bakin igwar ta fuskanci na gaba, ya harɗe hannuwa. Su ma abokan gaban sun san labarin garin. Kafin shayinsa ya huce sun ja da baya.

Mataki na 5: Koma bakin aiki

Kada ka sake ta da zancen. Washegari da ya wuce ni ina guga, ya tsaya a gaban dakaru ya ce, "A shirye take?" Na ce, "A shirye take, ranka ya daɗe."

Gargaɗi: Wannan ya yi aiki ne a kan Maigidana. In naka bai sani ba, ko abokan gabarku ba su da tsoro, kada matarka ta zo nemana. Ban san ka ba, ban ma iya rubutu ba.