Ranar da Na Karɓe Makullan Malam Idi da Bakina

Abubuwa da yawa sun fara zame mini a ka, har sunayen jikoki sai na jera uku kafin in dace da wanda nake kira, amma yammacin da na tara ma'aikatana a ƙofar sito na karanta musu takarda, shi kam ba zan taɓa mantawa da shi ba.

Na bar Funtuwa ina saurayi. Na yi aikin sito a Legas, na yi a Kwatano, na daɗe a tashar jiragen ruwa ta Duwala, na ɗan taɓa Jidda. Na dawo gida da Yarabanci da Faransanci da Turanci da Larabcin kasuwa, da kuma cutar nan da ke kama duk wanda ya yi yawo: komai na gani sai in ce, "A can ba haka ake yi ba." (Hajiya, mai ɗakina, ta ce ko ruwa aka ba ni a kofi sai na faɗi yadda ake shan sa a Duwala.)

Abin da na tarar a gida shi ne gonar mahaifina a wajen Tsiga da siton hatsi a Funtuwa, duka biyun a hannun Malam Idi. Ya girme ni da shekara shida ko bakwai. Tun yana matashi Baba ya ɗauke shi aiki, kuma da Baba ya rasu ina can bakin teku, shi ya ci gaba da riƙe komai. Har yau, da furfurata, "Alhaji Ƙarami" yake ce mini.

To, sai wani kamfani da ke sayen masara da waken suya a wurinmu ya ce yana son kowane ma'aikacinmu na dindindin ya kasance da takardar ɗaukar aiki. 'Yata ta ce in je wurin lauya a tsara mini. Har ta ba ni sunan ƙawarta, Barista Ngozi, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran mota, wadda aka haifa a nan Funtuwa. Na ce, "Ni da na sa hannu a kwantiragi da harsuna uku? Yarinyar da na san ranar sunanta ita za ta koya mini?"

Na buɗe akwati na zaro tsohon kwantiragina na Duwala, gefe ɗaya Faransanci, gefe ɗaya Turanci. Na kai shagon buga takardu na ce a kwafe gefen Turancin, a canza sunaye kawai. Ban karanta ba. Rabona da karanta shi ya fi shekara talatin, amma ina ganin ai na san abina.

Bayan la'asar na sa babbar riga da tabarau, mutum tara suka zauna a kan buhuna, na fara karantawa ina mayarwa da Hausa nan take, layi bayan layi, don su ga aikin ilimi. Farko ya tafi lafiya. Sai na zo inda aka ce ma'aikaci zai yi wata uku na gwaji, in an ga bai iya ba a sallame shi.

Sama'ila direban tarakta ya ce, "Alhaji, har da Malam Idi?"

Na ce, "Takarda ba ta san babba da yaro ba."

Malam Idi ya gyara hula ya ce, "To, Allah ya ba mu sa'a. Shekara arba'in da wani abu ina koyo, ƙila a wata ukun nan in iya."

Aka yi dariya, har da ni. Layi na gaba ya ce duk wanda zai hau jirgi dole ya sa rigar nan da ke hana mutum nutsewa a ruwa. Na yi tari na tsallake rabinsa, amma Sama'ila ya riga ya ji. Ya ce, "Wane jirgi kuma?" Na ce wannan na gaba ne, in harka ta buɗe. Mai hankali a nan zai naɗe takarda ya ce a dawo gobe. Ni kuwa girman kai ya ce in ci gaba, sai na ji bakina yana cewa, "Ma'aikaci in ya cika shekara sittin aikinsa ya ƙare, zai miƙa makullai da duk kayan aikin da ke hannunsa."

Mutum ɗaya ne a cikinsu ya haura sittin, kuma shi ne mai riƙe da makullai. Malam Idi bai ɗago ba, carbinsa kawai yake ja. Maimakon in yaga takardar a gabansu, sai na ce, "Wannan za mu duba daga baya," na ƙarasa karatuna da muryar da ni ma ba na jin ta. Shi ya fara tashi ya sa hannu da ajami. Ya ce, "Allah ya sa albarka," ya hau babur ya tafi.

Kashegari matarsa, Iya Hanne, ta zo wurin Hajiya da kwanon daddawa, da makullai a ƙulle cikin ɗan ƙyalle a kan murfin. Ta ce Malam ya ce a gai da Alhaji Ƙarami, ya gode, kuma a yafe masa duk abin da ya ɓata a tsawon zama. Shi ke nan saƙon. A Legas da ma'aikaci ya tsaya a ƙofar gida ya tara mini unguwa. A Duwala da ƙungiyarsu ta kira ni ofis. Da duk na san yadda zan yi da waɗannan. Amma mutumin da ka wulaƙanta ya aiko maka da daddawa yana neman gafararka, ban san ƙasar da ake koyar da amsarsa ba. Hajiya ta ajiye makullan a gabana ta ce, "Ga su nan. Sai ka gaya mana yadda ake yi a can."

Sau biyu ina zuwa gidan Malam Idi a Tsiga. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka dama fura, muka yi hirar damina. Da na ɗauko maganar sai ya ce, "Takarda ta riga ta faɗa, na kuma sa hannu. Ban taɓa sa hannu a abu na warware ba." Na gane cewa abin da takarda ta ƙulla sai takarda, na kama hanyar ofishin yarinyar da na san ranar sunanta.

Barista Ngozi ta gaishe ni da Hausar Funtuwa wadda ta fi tawa tsabta. Ta karanta takardar tana rufe baki da hannu (ta ce mura ce ke damun ta). Da ta gama ta ce, "Baba, kai shekarunka nawa?" Na ce ba ni na zo neman aiki ba. Ta ce rubuta takarda daidai ne, doka ma haka take so, amma takardar ta faɗi abin da ke tsakanina da mutanena, ba abin da ya taɓa shiga tsakanina da masu jiragen ruwa ba. Ta ce, "Ba zan rubuta wa mutum sharaɗi ban ji daga bakinsa ba. Mu je wurinsa."

Muka je. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe littafinta ta ce, "Baba Idi, da marigayi ya ɗauke ka aiki, yaya kuka yi da shi?"

Ya fara jerowa tana rubutawa. Ranar kasuwar Danja tasa ce. Sati biyu a damina ya nome tasa gonar. Rabonsa na hatsi da kaka, kayan salla shi da iyali, in ciwo ya kwantar da shi magani a kan gida yake. Ina zaune ina jin abubuwan da rabinsu ban san da su ba.

Ta ce, "Zuwa yaushe ke nan? Kun sa rana?"

Ya ce, "Da ciwonsa ya yi tsanani ya kira ni, ya ce, Idi, yaron nan yawo ya ɗauke shi. Ka riƙe masa gonar har ya gaji ya dawo, kada ya zo ya tarar da saura. To, shekara takwas ke nan da dawowarsa, kullum ina jiran ranar da zai ce ya karɓa. Da na ji maganar makulli sai na ce ranar ce ta zo, nauyin baki ne ya sa ya sa ta a takarda."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara takwas ina ba mutumin nan labarin ƙasashe, ban taɓa tambayar sa abin da ubana ya ce masa ba. Barista ta juyo ta ce, "To Baba, ka karɓa?"

Na ce, "Yaya Idi, ban karɓa ba. Ko iyakar gonar ta arewa ban sani ba."

Ya ce, "Na lura. Bara a gonar maƙwabcinmu Malam Audu ka tsaya kana yaba masararka."

Wannan karon Barista ba ta ce mura ce ba. Ni dai na cire tabarau ina gogewa, na daɗe ina gogewa.

Ta tsara masa tasa takardar, shafi ɗaya da rabi, Hausa da Turanci, ta soke ta farko. Duk abin da ya lissafa yana ciki, babu maganar shekaru, kuma ranar da ya so hutu shi zai faɗa da bakinsa. Sauran ma kowa ta zauna da shi, ta rubuta masa daidai aikinsa. Malam Idi ya sa aka karanta masa sau biyu, ya sa hannu, ya miƙo mini tafinsa ba tare da ya dube ni ba. Na ɗora masa makullan.

Abin da na koya bai da yawa. Takarda ba ta da kunya, abin da ka ɗora mata shi za ta faɗa a gaban jama'a. In za ka rubuta wa mutum sharaɗin aiki, ka fara tambayar sa wanda yake a kai tun da can, sannan ka kai wa wanda ya san aikin ya tsara maka, ko da sa'ar 'yarka ce. In kuma taurin kai ya hana ka, to don Allah ka karanta abin kai kaɗai a ɗaki kafin ka sa babbar riga.